Wanda ya iya kwance murfin ƙofar mota, ya iya mayar da shi

Masu gyaran mota a Birnin Kebbi, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a garejinku, kuma wallahi ta ishe mu. Mutum ya kawo mota don gilashi ya ƙi hawa, ko makulli ya ƙi kamawa, ko sifika ta daina magana. Kowa ya san sai an cire murfin ƙofa na ciki kafin a kai ga abin da ya lalace. To me ya sa ba ku ɗauki mayar da murfin nan a bakin aiki ba? Maigida ya gama da waya, ya goge hannu ya nufi wata mota, sai a ce wa yaron da bai daɗe da fara koyo ba, "Kai, zo ka rufe."

Motata Peugeot 406 ce, irin wadda aka ƙera a Faransa daga 1995 zuwa 2004, ba wanda zai kira ta sabuwa. Amma ranar da na kai ta wurin wani mai rewaya saboda gilashin direba ya maƙale a ƙasa, murfin ƙofarta lafiya ƙalau yake, ko motsi ba ya yi. Da la'asar na karɓe ta, gilashi na hawa yana sauka. Ban bar layin garejin ba na fara jin kaf-kaf-kaf a gefen gwiwata. Na tsaya na duba. Ƙasan murfin ya wage har hannu na shiga. An huda yadin da baƙaƙen sukurori irin na kafinta, kawunansu a waje ƙuru-ƙuru. Gefen hannun buɗe ƙofa an kwarara sufa gulu, ya bushe ya bar farin tabo. Ƙarƙashin kujera kuwa ga karyayyun maɓallan roba nan an share su da ƙafa.

Murfin nan ba da gam kamfani ya manna shi ba. Maɓallan roba ne ke riƙe shi a kewaye, kowanne da raminsa a jikin ƙarfen ƙofa, sai 'yan sukurori da aka ɓoye a bayan hannun ƙofa da wurin ɗora hannu. Robar da ta haura shekara 20 tana shan ranar Kebbi, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, balle cikin motar da aka kulle a rana, ta riga ta zama kamar busasshen kara. Lallaɓa ta ake yi. A fara kwance sukurorin duka, a zura abin ɓanɓara mai faɗi dab da kowane maɓalli, a bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaga murfin sama ya fita daga bakin gilashi, a zare wayoyin makunni. Ku kuwa sukundireba kuke cusawa a gefe guda, a sa ƙarfi a fizge. Maɓalli ya karye da sauƙi, ana sayen wani. Amma idan mazaunin maɓallin ya ɓalle daga jikin murfin, an gama da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ita ce ledar da ke bayan murfin. Kun ɗauke ta shara, kuna yagewa ku jefar. Ledar nan aiki aka sa ta. Ruwan sama yana bin gilashi ya wuce robar baki ya shiga cikin ƙofa, haka aka tsara kowace mota, sai ya fita ta ƙananan ramuka da ke ƙasan ƙofar. Ledar ce ke tare shi kada ya taɓa murfi da makunnin gilashi. Idan babu ita, ruwan Agusta zai jiƙa bayan murfin, wanda a tsofaffin motoci da yawa matsattsen kwali ne, ya kumbura ya lanƙwashe, ramukan maɓalli su ruɓe. Da hunturu kuma ƙura ta samu hanya. Ka kulle gilashi tsaf ka kama hanyar Argungu, ka sauka farar rigarka ta koma ja ta gefe ɗaya, kana ta mamakin ta ina.

Da na koma na nuna masa, ko tashi daga benci bai yi ba. "Alhaji, ai mota tsohuwa ta, robar duk ta mutu. Mi za a yi?" Na ce, "Malam, in robar ta mutu, ba ga lambata a wayarka ba? Ka kira ni ka ce in sayo maɓallai mana. Wa ya ba ka izinin huda mini ƙofa?" Sai ya ce ai gilashi na kawo, kuma gilashi na aiki. Wannan amsar ita ce cutar gaba ɗaya. Maɓallan nan a ƙulle ake sayar da su a shagunan kayan gyara, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Murfin kuwa in ya lalace sai an aika Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo na hannu, kuma da wuya launinsa ya zo daidai da sauran ƙofofin.

Kada wani ya ce mini ƙawa ce kawai. Sukuru mai tsawo da aka ɗaura a makance yana iya huda waya ta haɗu da ƙarfe, ko ya karce gilashi duk lokacin da aka sauke shi. Akwai kuma ɗan ƙarfe ko waya da ke haɗa hannun ciki da makulli, in aka manta ba a maƙala ba, ƙofa ba za ta buɗu daga ciki ba. Ku shiga tasha ku dubi motocin haya masu zuwa Jega, Yauri da Kamba. Ƙofa tsirara babu murfi, fasinja na laluben waya ya ja, ko ya jira direba ya zagayo ya buɗe masa daga waje. Allah ya kiyaye, in wuta ta tashi ko mota ta faɗa rafi, mace mai goyo a kujerar baya yaya za ta yi? Mafi yawan ƙofofin nan haka suka fara, da gyaran gilashi guda da aka rufe da ganganci.

Kuma a daina yi mana gori da tsufan mota. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2023 aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kuɗin 'yar Kwatano ya tashi inda malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci ba zai kai ba. Tsohuwar nan ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, kuma ba mu da ranar canza ta.

Shugabannin gareji, ku ja kunnen mutanenku. Wanda ya kwance murfi shi zai mayar da hannunsa, ko ya tsaya a kan yaro har a gama. A nuna wa mai mota duk maɓallin da ya karye. A mayar da leda, in ta yage a yanko wata a manna. A gwada hannun ciki da na waje kafin a karɓi kuɗi. Tawa yanzu tana wurin mai ɗinkin kujerun mota yana ƙoƙarin ceto murfin, kuɗin da ya yanka mini ya fi na gyaran gilashin, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa ramukan da aka huda a yadin ba za su toshu ba.