Mota a kulle, fayil a buɗe

Saƙo ya iso. An ce wani abokin sana'armu mai sayar da motoci yana zaune a kasuwar motoci ta Berger a Legas yana ba yaransa dariya, wai mu kafin mu ɗauki akawu sai mun yi bincike kamar za mu ba shi auren 'ya. To madalla. Ban kama suna ba, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Alhaji, kyamarorinka duk motoci suke kallo. Ka sa waya mai ƙaya, ka ajiye maigadi, makullan motocin tokumbo, na hannu da ake shigowa da su daga waje, suna aljihunka. Amma takardun masu saye suna kan tebur, kowa ya shigo shan iskar fanka sai ya ɗaga. Mota a kulle, fayil a buɗe.

Ka ma san me ke cikin fayil ɗin? Takardar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kwafin lasisin tuƙi, hoton fasfo, adireshi da lambar waya. Mai biya kashi-kashi kuwa har lambar tantancewa ta banki, BVN, da bayanan shige da ficen asusunsa. Yaro ba ya bukatar fita da ko takarda ɗaya, ƙyas ɗaya da waya ya tura ta WhatsApp. Gobe a kira mutum a ce daga banki ne, a karanto masa ranar haihuwarsa da kuɗin da ya tura jiya, ya saki jiki ya ba da lambar da aka turo masa. Ko a ci bashi da sunansa a manhaja, sai masu bin bashi sun fara kiran surukansa sannan ya sani. Fotokwafin da ya lalace ma kwandon shara kuke jefawa maimakon a kekketa.

Wa ka ba riƙon wannan? Wanda aka kora a wani wuri, ka ɗauka washegari don ka ƙuntata wa mutane. Ko dalilin korar ba ka tambaya ba.

Tunda abin dariya ne, ga shi kyauta. Sunan da ke kan NIN ya zo daidai da na asusun da za a zuba albashi, fuska ta dace da hoto. Ya kawo takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake ɗaukar hoton yatsu a ofishinsu na Alagbon da ke Ikoyi. Masu tsaya masa mutum biyu, kuma a taka a je gidajensu, domin a waya abokinsa ma zai iya zama kawunsa. In ya ce Agege yake ko Idi-Araba, a tambayi limamin unguwa da maƙwabta. Tsohon ubangidansa a kira shi da lambar da ka nemo da kanka, ba wadda yaron ya rubuta ba. Wata uku na farko ya koyi ciniki da karanta lambar shasi, fayil ba nasa ba ne tukuna. Mai sayarwa daban, mai ajiye takardu daban, kowa da kalmar sirrinsa a kwamfuta. Ranar da ya bar aiki a karɓi makulli, a canza kalmar sirri kafin ya kai bakin titi.

Ku kuwa kalmar sirri ɗaya, an manna ta a jikin kwamfutar. Mota a kulle, fayil a buɗe.

Wallahi abin ya ishe ni! Mutum ya cutu a wajenku, ya fita yana cewa 'yan Arewa masu sayar da mota a Legas ɓarayi ne, mu da ba mu ji ba ba mu gani ba mu kwashi baƙin jini. Sannan kai ne da bakin dariya? Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce in bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Ranar da aka gayyace ka ofishin 'yan sandan yaƙi da zamba na titin Milverton a Ikoyi, “ai ɗan ƙanwar madam ne” ba amsa ba ce. Za su ce ka kawo takardar ɗaukarsa aiki da adireshin wanda ya tsaya masa, ni da kai kuma mun san babu.