Yaron da ya suma yana wasa, a duba zuciyarsa

Ɗan yayata shekararsa 11 lokacin da Allah ya karɓi abinsa. Kafin nan sau biyu yana faɗuwa a filin ƙwallo, a yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, mu ce rana ce ta buge shi. Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya. A wani asibiti kuma aka ce farfaɗiya, aka ɗora shi kan magani. A ta uku bai tashi ba. Na yarda da ƙaddara, amma har yau abin yana cina, don babu wanda ya ce mana a duba zuciyarsa.

Sai bayan rasuwarsa wani likita ya ce a kawo ƙannensa a yi musu gwajin ECG, wato na duba lantarkin bugun zuciya. Aka samu ƙanwarsa da ciwon gado da ake kira Long QT. Tsokar zuciyar lafiya lau, matsalar a lantarkinta take: gudu, ninƙaya ko firgita kan sa bugun ya hargitse, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, yaro ya zube har da shure-shure. Wanda bai sani ba zai rantse farfaɗiya ce.

A bakin likitan nan na fara jin labarin ICD, na'urar da ta ɗan fi kwalin ashana girma. A ƙarƙashin fatar ƙirji ake dasa ta, tana sauraron bugun zuciya dare da rana, da zarar ya rikice ta saki lantarki ta dawo da shi daidai. Dakta Michel Mirowski da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta, aka fara dasa wa mutum a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1980. Masu kallon ƙwallo sun san Christian Eriksen, wanda ya zube a wasan Denmak da Finlan a 2021. Da wannan na'urar a ƙirjinsa ya koma taka leda a Brentford, daga baya Manchester United.

Amma jama'a, yaro ba Eriksen ba ne. Yaro girma yake yi, wayar na'urar da aka zura masa zuwa zuciya kuwa ba ta girma, tana iya miƙewa ta karye. Batirin yakan ƙare cikin 'yan shekaru, a sake shiga tiyata, kuma haka za a yi ta yi iya rayuwa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani lokacin na'urar kan yi kuskure, ta ɗauki saurin bugun yaro mai guje-guje a matsayin haɗari ta girgiza shi idonsa biyu. Waɗanda suka ɗanɗana sun ce kamar doki ya harbe ka a ƙirji. Yaron da aka yi wa haka sau ɗaya, wasa ma tsoronsa yake ji.

Shi ya sa ba na goyon bayan a yi ta rububin na'ura kawai don an ji sunanta. Wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka ceto shi, wannan kam a dasa masa, ko gona za a sayar. Da yawa kuwa ƙwayoyin rage saurin bugun zuciya sun ishe su, in ba a fashin sha. 'Yar yayata a kansu take yanzu, an kuma hana ta wasu magungunan da ke tsananta ciwon. Takardar sunayensu tana cikin jakar uwarta, duk kemis ɗin da ta shiga sai ta miƙa ta kafin ta karɓi ko maganin tari.