Tiger ta Tarihi da Tiger ta Kwamfuta

(A shagon wasan kwamfuta, ana buga wasan tankokin yaƙi mai suna World of Tanks. Bazazzagi ya buga tebur, Bakano na ƙirga canji, Bafulatani na leƙen allo.)

Bazazzagi: Wannan zalunci ne! Harbi huɗu kacal aka yi wa Tiger ɗina ta kama da wuta. Tiger fa, tankar yaƙin Jamus wadda ta fito a 1942 da sulken gaba milimita 100 da igwa mai baki milimita 88!

Bakano: Sannu bawana. Wa ya harbe ka?

Bazazzagi: Wai T-54. Tankar da Rasha ba ta fara ƙerawa gadan-gadan ba sai da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu! Masu World of Tanks sun ajiye Tiger a mataki na 7, kuma suna haɗa ka da wanda ya fi ka da mataki biyu. Ga T29 ta Amurka da ba ta taɓa ganin fagen daga ba, ga E 75 ta Jamus da ba ta wuce zanen takarda ba. Abokan karawarta na gaskiya su ne T-34 ta Rasha da Sherman ta Amurka mai igwar milimita 75, waɗanda harsashinsu ke dukan gabanta ya yi tsalle.

Bafulatani: To a mai da ta cikinsu mana.

Bakano: Ka ji Ɗanfulani! Mutum 15 ne a kowane ɓangare. In aka yi haka, duk talatin ɗin Tiger za su hau. Wa zai sayi data don ya zo a yi ta nuƙurƙusarsa? Kasuwa ta watse ke nan. Kuma kai malamin tarihi, wace igwa ka ɗaura mata?

Bazazzagi: (ya yi tari) Doguwar.

Bakano: Faɗi sunanta.

Bazazzagi: KwK 43.

Bakano: Ta Tiger ta biyu ke nan. Taka gajeriyar aka san ta da ita, KwK 36. Da suka ba ka aron igwar ƙanwarta ba ka kai ƙara ba.

Bazazzagi: Wannan ai gyara ne.

Bakano: In ya yi maka daɗi gyara ne, in ya cije ka zalunci ne. Matsalarka ba ka iya tsayuwa ba. Sulken Tiger a miƙe yake kamar bangon ɗaki. Ka ba maƙiyi gaba sak, milimita 100 zai huda. Karkata jikinta da digiri 45, kaurin da harsashi zai ratsa ya koma wajen 140 a gaba, gefe mai 80 ya koma wajen 113. Dabarar T-34 ke nan: sulke milimita 45 kawai, amma da aka kwantar da shi ya zama kamar 90.

Bafulatani: Aradu ni ban gane ba. Ƙarfen ƙaruwa yake yi in an juya shi?

Bakano: Hanyar da harsashi zai bi a cikinsa ce ke ƙara tsawo. Kada dai ka wuce gona da iri, ka buɗe masa gefe gaba ɗaya.

Bazazzagi: Duk wannan kame-kame ne. Ni tarihi nake so, tsantsarsa.

Bakano: Tsantsa? Bismilla, zauna in auna maka. Wasa minti 15 ne. Kafin a busa, tankarka tana kan jirgin ƙasa da siririyar sarƙar tayoyi mai faɗin milimita 520, don faffaɗar ba ta shiga tarago. Sauko ka ɗaura tayoyin waje, ka ja mai 725 ka sa.

Bazazzagi: To, na sa.

Bakano: Madalla. Tayoyin nan a saƙe suke cikin juna. Taɓon Rasha ya shiga tsakani, sanyin dare ya daskarar da shi, da asuba ko motsi. In ta ciki ce ta lalace, sai ka kwance har tara kafin ka kai gare ta. Ka tashi? Nauyi tan 57 a kan injin mai ƙarfin doki 700, ka matsa masa ya yi zafi, ka yi gaggawar giya ta watse. Tankin mai lita 540, a daji da kyar ya kai ka kilomita ɗari da 'yan kai.

Bazazzagi: Sai wata Tiger ta ja ni.

Bakano: An hana, kada ita ma injinta ya ƙone. Jira motocin ja guda uku.

Bafulatani: Tsaya. Su nawa ne a garken nan?

Bakano: Tiger ba ta kai 1,400 ba. Sherman kusan 49,000.

Bafulatani: (yana lanƙwasa yatsu) Kowace ɗaya da talatin da wani abu a kanta ke nan. Malam, a turo maka su duka ko kashi-kashi?

Bazazzagi: Kai wa ya sa da kai? Ni ba wannan tarihin nake nufi ba.

Bafulatani: Ashe iri biyu ne.

Bakano: Akwai na faɗa, akwai na gareji. Shi na faɗan kawai ya haddace.

Bazazzagi: Ƙara min awa ɗaya, in nuna maka karkatar da kake taƙama da ita.

(Ya karkata tankar. Aka ji ƙara, allo ya yi ja.)

Bafulatani: Malam, ka juya da kyau. Sai dai mutumin ta baya yake.

Bakano: Kuɗin awa ba ya dawowa, bawana.