Abin Da Ya Sa Nake Ganin Girman Wilko Johnson

A watan Janairun 2013 aka sanar da cewa Wilko Johnson, makaɗin jitar rok ɗan ƙasar Ingila, yana ɗauke da ciwon daji a fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi tana samar wa jiki sinadarin insulin. Likitoci suka ce ciwon ya wuce magani, da wuya ya haura wata tara ko goma a duniya. Aka ba shi zaɓin yin kemo, maganin nan mai ƙarfi da ake ɗura wa masu ciwon daji, aka kuma gaya masa gaskiya cewa iyakarsa ya ƙara masa ɗan lokaci kaɗan, cikin laulayi. Ya ce ya gode, a bar shi ya yi kiɗansa muddin hannunsa na motsi. Ya shirya wasannin bankwana, mutane suka cika zauruka suna hawaye. Wilko bai bar duniya ba sai ranar 21 ga Nuwamban 2022, yana da shekara 75.

Masoyansa da yawa suna ba da labarin nan kamar na wani mai taurin kai da ya ja da mutuwa ya yi galaba. Ni ma masoyinsa ne, amma ban yarda da wannan fassarar ba, kuma ina ganin tana rage masa daraja. Abin da ya burge ni a wajensa shi ne yadda ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki tun daga farko har ƙarshe, yana raha, ba ya ɗaukar kansa wani na musamman, ko da gaskiyar ba ta yi masa ado ba.

Sai an san daga inda ya fito kafin a gane rahar tasa. Sunansa na yanka John Wilkinson, an haife shi a 1947 a tsibirin Canvey da ke bakin Kogin Thames, a yankin Essex. Wuri ne na masu ƙaramin ƙarfi, ƙasarsa ta yi ƙasa da teku sai da aka kare ta da katanga, ga tankokin mai da matatu a kewaye suna haska sama da dare. Yana ɗan shekara biyar ambaliyar 1953 ta ci tsibirin, mutum 58 suka halaka. Ya yi karatun adabin Turanci a Jami'ar Newcastle, har da tsohon Turancin da ba a magana da shi yanzu da labaran mutanen Aisland na dā, ya yi tafiya ta ƙasa har Indiya, ya dawo ya ɗan taɓa koyarwa. Daga nan shi da abokansa na unguwa, ciki har da mawaƙi Lee Brilleaux, suka kafa ƙungiyar Dr. Feelgood a farkon shekarun 1970.

A lokacin kiɗan rok ya zama na manyan filaye da tufafin ƙyalƙyali da waƙar da za a ja ta minti ashirin. Su kuwa suka fito da kwat masu araha, suna wasa a ƙananan mashayu na Landan, waƙa minti uku an gama. A 1976 faifansu na wasan kai tsaye ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma matasan da suka kafa salon punk, wato rok mai zafi na masu bijire wa al'ada, bayan nan da yawansu sun ce daga gare su suka ɗauki wuta. Wilko bahago ne amma da dama yake kaɗawa, kuma ba ya amfani da ɗan faifan robar da makaɗan jita ke taɓa tsirkiya da shi. Da yatsu da farce yake duka, yana haɗa kiɗan rakiya da na jagora a lokaci guda, sai ka rantse mutum biyu ne. Yakan zare ido, ya riƙa zirga-zirga a dandamali yana nuna masu kallo da jitar kamar bindiga. Yatsunsa kan fashe. Jitarsa Fender Telecaster baƙa ce mai jan allo a gaba, kuma da aka tambaye shi dalili yakan ce don kada a ga jini.

Ashe wannan mai zare ido mutum ne mai yawan karatu da son kaɗaici, wanda ya gina ɗakin kallon taurari a saman gidansa. Da aka ɗauke shi a shirin talabijin na Game of Thrones ya fito a matsayin hauni bebe, ya ce aikin bai ba shi wahala ba, tunda harara ce kawai ake so, ita kuwa sana'arsa ce ta kullum. Haka raharsa take tun kafin ciwo: kansa yake tsokana, ba wani ba. Wannan yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa abin da mutane suka gani a 2013 ba rigar aro ba ce da ya saka don 'yan jarida.

Ya ba da labarin cewa ranar da ya fito daga asibiti da wannan mummunan sakamako, maimakon ya durƙushe sai ya ji wani farin ciki ya lulluɓe shi, yana kallon itatuwa da sararin sama kamar bai taɓa ganinsu ba. Bai ɓoye cewa shi mutum ne mai yawan ƙunci ba, musamman tun rasuwar matarsa Irene a 2004, ita ma da ciwon daji. Ya ce da aka yanke masa wa'adi sai damuwar gobe ta faɗi, tunda goben babu ita. Wani zai iya juya wannan magana ta zama wa'azi, ya fara koya wa jama'a yadda ake rayuwa. Shi dai cewa yake abin ya zo masa ne haka, shi ma yana mamaki. Ya kuma faɗa a fili cewa bai yi imani da wata rayuwa bayan mutuwa ba. A nan na saɓa masa ƙwarai, amma na girmama cewa bai yi wa kowa ƙaryar abin da babu shi a zuciyarsa ba don a ƙara tausaya masa.

Wata goma ta cika bai mutu ba. Ƙarin da ke cikinsa ya girma har ana ganinsa ta riga, jitar na zaune a kansa idan yana wasa, shi kuma yana ta ba masu kallo haƙuri cikin raha cewa har yanzu yana nan. A ƙarshen 2013 shi da mawaƙi Roger Daltrey na ƙungiyar rok ta The Who suka shiga ɗakin naɗar sauti suka gama faifai cikin kwanaki kaɗan, don ba su da tabbacin lokaci. Faifan, Going Back Home, ya fito a Maris 2014 ya kai matsayi na uku a Birtaniya, nasarar da Wilko bai ga irinta ba kusan shekara arba'in.

A nan ne nake so masu cewa taurin kai ya cece shi su tsaya su duba. Wani likitan tiyata mai suna Charlie Chan, wanda kuma yake ɗaukar hotunan mawaƙa, shi ya lura cewa lissafin bai daidaita ba: mai irin ciwon da aka ce Wilko na da shi bai kamata a ce yana tsalle a dandamali bayan shekara guda ba. Ya tura shi asibitin Addenbrooke's da ke Cambridge, wajen likita Emmanuel Huguet. Da aka sake bincike sai aka gano nau'in ƙarin wani ne daban, wanda ba ya saurin girma kamar wanda aka zata, kuma ana iya cire shi. A ƙarshen Afrilun 2014 aka yi masa tiyata ta awa 11. Aka cire fankiriyas ɗin gaba ɗaya, da saifa, da wani ɓangare na tumbi da hanji, tare da ƙari mai nauyin kilo 3. Da ya hau dandamalin bikin ba da kyaututtuka na mujallar Q a watan Oktoba yana sanar da cewa ya warke, cewa ya yi nauyin jariri ne fa guda aka fitar masa, sannan ya ce likitocin su ne suka warkar da shi.

"Su ne", ba "ni ne" ba. Ga mutumin da duniya ta shirya naɗa masa rawanin jarumta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma gaskiyar ta fi haka ɗaci. Tun farko Wilko ya ƙudura cewa ba zai ɓata sauran kwanakinsa yana yawon neman ra'ayin wani likita ko maganin mu'ujiza ba. Natsuwar da ake yaba masa da ita, ita ce ta kusa sa ya mutu da ciwon da wuƙar likita za ta iya cirewa. Da a ce wani mai ilimi bai kalle shi da idon basira ba, da labarin ya ƙare a 2014. Don haka duk wanda ya ɗauki tarihinsa hujjar ƙin asibiti ya karanta shi a juye. Ina jaddada wannan ne saboda na san yadda mu ma a gidajenmu ake sallama wa ciwon daji da wuri, a ɓoye shi, a ƙi komawa a sake gwaji, wani lokaci ma a ɓoye wa marar lafiyar kansa abin da ke damunsa. Yarda da ƙaddara bai hana a nemi likita na biyu ya duba ba.

Akwai wani ƙorafin da ya kamata a saurara. Za a ce raha tana da sauƙi ga wanda ya yi suna, ƙasarsa na da tsarin kiwon lafiya na gwamnati da ba sai ya sayar da gida ba kafin a yi masa tiyata, kuma ciwon bai kwantar da shi ba a watannin farko. Gaskiya ne. Yawancin masu ciwon daji na fankiriyas ba sa samun wannan sarari. Ciwon yana cikin waɗanda suka fi saurin kisa, kuma zafinsa ba ya barin wurin dariya. Marar lafiyar da ya yi kuka, ya ji tsoro, ya yi fushi, bai gaza Wilko da komai ba. Zalunci ne a je dubiya a ce wa wanda ke murƙususu ya yi koyi da wani makaɗi. Abin da ya sa wannan ƙorafi bai rushe ƙaunata gare shi ba shi ne, shi ma bai taɓa sa kansa ma'aunin kowa ba. Labarin kansa kawai ya bayar, kuma ya bar sa'ar da ya taka a fili inda kowa zai gan ta.

Ɓangaren da na fi jinjina masa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato bayan warkewa. Jinyar ta yi tsawo, ya rame, ya zama mai ciwon suga da zai dogara da allurar insulin har ƙarshen rayuwarsa tunda gaɓar da ke samar da ita babu. Farin cikin nan na shekarar wa'adi ya gushe, tsohon ƙuncinsa ya dawo, ya kuma faɗa. Ya ce koyon cewa zai rayu ya zame masa wani aiki mai wuyar sabo. Jama'a sun fi son a ce musu wanda ya leƙa kabari ya dawo sabon mutum mai godiya kullum, kuma da ya faɗi haka da an saya. Ya zaɓi ya ce shi ne dai Wilkon jiya, da halinsa da rauninsa.

Sai ya koma bakin aiki tare da tsohon abokinsa Norman Watt-Roy mai kaɗa jitar bas, wato mai kaurin amo. A 2017 ya yi bikin cika shekara 70 da wasa a babban zauren Royal Albert Hall na Landan, a 2018 ya fitar da faifan sababbin waƙoƙi bayan shekaru masu yawa bai yi ba. Ya ci gaba da hawa dandamali har makonni kaɗan kafin rasuwarsa a gidansa da ke Westcliff-on-Sea, shekara takwas da rabi bayan tiyatar.