Na'ura kaɗai ba ta isa auna wari ba

Wani rahoto ya ce na'urorin auna wari da aka girka kusa da wani wurin sarrafa shara da samar da iskar gas daga kashin dabbobi ba su nuna matsala ba, alhali maƙwabta na ta kokawa. A ganina an tsallake muhimmin abu. Na'ura takan auna sinadari ɗaya ko biyu ne, kamar iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma abin da ke hana mutane buɗe taga haɗakar iskoki ne masu yawa.

Shi ya sa ƙa'idar Turai ta EN 13725, wadda ta fito a 2003, ta dogara da hancin ɗan Adam: ana ɗebo iskar wurin a jaka, a yi ta sirka ta da tsabtatacciyar iska, har a gano matakin da rabin masu sunsunawar da aka tantance ne kawai ke iya jin warin. A Jamus kuwa, idan wari ya haura kashi 10 cikin ɗari na sa'o'in shekara a unguwar zama, an ƙetare iyaka. Ya kamata a gaya mana hanyar auna warin da aka bi a wancan rahoton.