Ranar da na lashi burushin mai zane a Udaipur

Shekara ashirin ina kallon finafinan Indiya, don haka da muka kai Baffa jinya ƙasar, ya samu sauƙi har muka leƙa birnin Udaipur shan iska, sai na naɗa kaina tafinta kuma masanin tarihi. Alhali Indiyancina bai wuce na waƙar soyayya ba.

Muka faɗa shagon wani dattijo mai ƙananan zane-zanen nan na gargajiya. Ya baje mana kwaikwayon wani shafi na Ramayana, tsohon labarin mabiya addinin Hindu, irin wanda Sahibdin, wani gwani Musulmi, ya zana wa Sarki Jagat Singh na Mewar, masarautar da Udaipur ke cikinta, wajen 1650. Ga Ravana, mugun labarin, da kawuna goma da hannaye ashirin. Baffa ya ce wannan ranar da mura ta kama shi sai dai a ce Allah ya kyauta. Ni kuwa na hango wani shuɗin mutum riƙe da baka har a wuri uku.

"Baffa, 'yan uku ne," na ce. "Tun suna jarirai suka ɓace a kasuwa, sai ƙarshe za su gane juna."

Da na maimaita wa dattijon da Turanci, dariya har da riƙe ciki. Ashe mutum ɗaya ne, Rama, jarumin labarin. Maimaita shi ake yi a shafi guda don a nuna daga nan ya tashi ya je can. Baffa ya dube ni, bai ce uffan ba.

Don in wanke kaina, na ce a ba ni in gwada. Burushin na gashin wutsiyar kurege ne, launukan kuma duwatsu ake niƙawa a kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan dai na tawadarmu. Nan na ji kamar a makarantar allo nake. Na tsoma cikin ruwan ɗorawa, bakin burushin ya baje, sai na kai shi baki na tsotse don ya yi tsini.

"Ka san da me ake yin wannan launin?" in ji dattijon. "Fitsarin saniyar da aka ciyar da ganyen mangwaro zalla."

Gora biyu na ruwa na ƙarar a bakin kwata ina kurkure baki. Sai da na dawo ido jajir ya ƙarasa maganar: wai wancan labarin mutanen da ne, nasa a kanti ya sayo.

Kunya ta sa na sayi zanen giwa mai girman kwalin ashana, ko tayi ban yi ba. Tun a jirgi Baffa ya raɗa mini suna Na-Ɗorawa, yanzu har 'ya'yana da shi suke kirana a bayan idona.