An sallami mai jinya, amma tsugune ba ta ƙare ba

Duk lokacin da annoba ta ɓarke, ta ƙyanda ce ko ta zazzaɓin Lassa, lissafin da ake kawo wa jama'a iri ɗaya ne: mutum kaza sun kamu, kaza sun rasu, kaza an sallame su. Wanda aka sallama sai a yi masa barka da arziki, a rufe katinsa. Binciken da aka yi a shekarun nan kan garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa yana nuna cewa wannan lissafi akwai gyara a cikinsa. Ƙwayar cutar bairos takan bar ɓarnar da ba ta fitowa sai bayan watanni, wani lokacin bayan shekara goma, ranar da kowa ya manta da zazzaɓin farko. A ganina darasin ya fi shafarmu fiye da ƙasashen da suka kashe kuɗin binciken, domin a wajenmu waɗannan cututtuka suka fi yawa, kuma a wajenmu aka fi saurin rufe kati.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne a Janairun 2022, a mujallar Science. Tawagar Alberto Ascherio ta Jami'ar Harvard ta bi tarihin sojojin Amurka sama da miliyan 10 da suka yi aiki tsakanin 1993 da 2013. Rundunar tana ɗibar jinin kowane soja lokaci-lokaci don gwajin cutar ƙanjamau, tana adana ragowar a cikin sanyi. Wannan ajiya ce ta ba da damar komawa baya. Cikin sojojin, 955 sun kamu da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin kitsen da ke naɗe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har gani ya raunana, ƙafa ta mutu, tafiya ta gagara. An samu isasshen jinin 801 daga cikinsu. Cikin 801 ɗin, mutum 35 ne kawai suka shiga aikin soja ba su ɗauke da ƙwayar Epstein-Barr, wani bairos da ke yaɗuwa ta yawu, kuma 34 daga cikin 35 ɗin sai da suka kamu da ita kafin MS ta bayyana. Haɗarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa. Masu binciken sun duba wata ƙwayar, CMV, wadda ita ma ta yawu take yaɗuwa, ba su ga ta ƙara haɗarin ba. Sannan wani sinadari da ke zuba cikin jini idan jijiya ta fara lalacewa bai tashi ba sai bayan shigar Epstein-Barr. Wato ƙwayar ce ta riga, ciwon ya biyo baya.

A shekarar dai wata tawagar Jami'ar Stanford ta nuna ɗaya daga cikin hanyoyin da abin ke faruwa. Wani ɓangare na furotin ɗin ƙwayar, EBNA1, yana kama da wani furotin na cikin ƙwaƙwalwa, GlialCAM. Antibodi, wato sinadarin da jini ke ƙerawa don ya cafke ƙwayar cuta, sai ya kasa bambance su. Kama da wane ba ta wane, amma garkuwar wasu mutanen ba ta san haka ba. An ga wannan a kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na masu MS da aka gwada, saboda haka akwai sauran hanyoyin.

A nan sai an yi hattara. Kusan kashi 95 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da Epstein-Barr, alhali masu MS ba su wuce miliyan 2.8 ba a ƙididdigar 2020. Ƙwayar sharaɗi ce, sai ta haɗu da gado, da ƙarancin bitamin D, da shan taba, da shekarun da mutum ya kamu. A Afirka yawanci tun yaro na ƙarami yake ɗaukarta ba tare da wata alama ba. Mu abin da ta fi jawo mana daban ne: idan ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, tana da hannu a dajin nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Daga naman wannan daji ne ma aka fara gano ƙwayar a 1964. Tun 2022 ake gwajin allurar rigakafinta a kan mutane a Amurka, amma har yanzu babu wadda aka amince da ita.

Rigakafin da ke hannu kuwa ya riga ya ba da mamaki. A yankin Wales na Birtaniya an fara yi wa tsofaffi allurar shingles a ranar 1 ga Satumban 2013. Shingles ƙurajen nan ne masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, idan ƙwayar ƙarambau da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka. Saboda ƙarancin allurar aka kafa doka: wanda aka haifa kafin 2 ga Satumban 1933 ba ya ciki har abada, wanda aka haifa daga ranar zuwa gaba yana ciki. Tsoho biyu da mako ɗaya ya raba haihuwarsu ba su da wani bambanci a ilimi ko dukiya ko kula da kai, sai dai ɗaya ya samu damar allura. Wani mai bincike, Pascal Geldsetzer, da abokan aikinsa suka bi mutum sama da 280,000 na tsawon shekara bakwai. Sakamakon da suka wallafa a Nature a Afrilun 2025 shi ne allurar ta rage samun cutar mantuwa, abin da muke kira gigin tsufa, da kusan kashi 20 cikin 100, kuma tasirin ya fi bayyana a mata. Ba gwajin da aka tsara da ƙuri'a ba ne, kuma allurar tsohuwar samfur ce, Zostavax. Duk da haka tsarin ya kauce wa babban ramin da irin waɗannan bincike ke faɗawa, inda masu zuwa karɓar allura dama can su ne masu lafiya.

To, mu dawo gida, ga ƙyanda. An daɗe da lura cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda sai ya yi ta laulayi: yau gudawa, gobe ciwon haƙarƙari, jibi kunne na zubar da ruwa. A 2019 aka ga dalili ƙuru-ƙuru. Wani mai bincike, Michael Mina, da abokan aikinsa sun auna jinin yara 77 da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan, kafin su kamu da kuma bayan sun warke. Ƙyanda ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da yaran suka tara a kan wasu cututtukan. Ƙwayar tana shiga ne kai tsaye cikin ƙwayoyin garkuwa masu riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, ta hallaka su. Yaran da aka yi wa allura ba a ga wannan asara a jininsu ba. Wani nazarin na 2015 ya nuna raunin yakan kai shekara biyu zuwa uku. Yaron da ciwon haƙarƙari ya ɗauke bayan wata goma da ƙyanda, babu rajistar da za ta rubuta shi a layin ƙyanda, alhali ita ta buɗe ƙofa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani lokaci ƙwayar takan laɓe a cikin ƙwaƙwalwa, ta yi shiru shekara bakwai zuwa goma. Sai yaro mai ƙoƙari a makaranta ya fara mantuwa, halinsa ya sauya, jikinsa ya riƙa zabura kwatsam, daga nan farfaɗiya, daga nan magana ta ɗauke. Likitoci na kiranta SSPE, kuma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. Wani bincike a jihar California ya samu cewa cikin jariran da suka yi ƙyanda kafin su cika shekara ɗaya, ɗaya cikin kusan 600 ya kamu da ita. A garuruwanmu yaro mai irin waɗannan alamu an fi kai shi wajen masu maganin iska, kuma ba laifin iyaye ba ne, tunda babu wanda ya taɓa gaya musu cewa baƙon dauron da ya yi yana goye zai iya dawowa ta wannan fuska.

Shi ya sa abubuwan da ake rainawa a ɗakin rigakafi suke da nauyi. Allurar ƙyanda ta wata tara tana kare kusan kashi 85 cikin 100 na yara, saboda ragowar antibodin uwa na iya hana ta kamawa. Ta biyu, wadda a Najeriya ake yi a wata 15, ita ke cike giɓin, kuma sai kashi 95 cikin 100 na yaran gari sun samu kafin cutar ta daina yawo. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa garin da ruwansa, bayan awa shida dole a zubar da abin da ya rage. Tsoron asara kan sa ma'aikaci ya ce wa uwar da ta zo da yaro ɗaya ta dawo ranar kaza in an taru. Uwar da ta biya kuɗin mashin daga ƙauye ba lallai ta dawo ba. A buɗe kwalbar ko don yaro ɗaya. Allura tara da aka zubar ba su kai ƙwaƙwalwar yaro ɗaya ba. Wanda ya riga ya kamu kuwa a ba shi bitamin A kwana biyu a jere, a ma'aunin IU da ake auna bitamin da shi: 50,000 ga ɗan ƙasa da wata shida, 100,000 ga ɗan wata shida zuwa 11, 200,000 daga shekara ɗaya.

Zazzaɓin Lassa ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira suna samun kurumta, kuma rabinsu ne kawai jinsu ke ɗan dawowa cikin wata ɗaya zuwa uku. Ba sai zazzaɓin ya yi tsanani ba. Gwaje-gwaje a kan dabbobi na nuna cewa martanin garkuwar jiki ne ke lalata kunnen ciki, shi ya sa kurumtar kan zo daidai lokacin da mutum ya fara samun sauƙi. Kowace cibiyar jinya a Bauchi da Taraba da Edo da Ondo ya kamata ta gwada jin mutum ranar sallama, ta sake bayan wata uku. Inda babu na'ura, ma'aikaci ya tsaya bayan majinyaci tazarar tsawon hannu, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa lambobi uku, a maimaita, sannan a sauya kunne. Minti biyu ne. Haka nan dubban mutanen da shan inna ta taɓa tun suna yara: tsakanin shekara 15 zuwa 40 bayan nan, wasu kan ga ƙarfin ƙafa ko hannu na sake raguwa. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a Agustan 2020, amma masu ɗauke da tabonta suna nan tare da mu.

Korona ce ta tilasta wa duniya ta ɗauki gajiyar bayan zazzaɓi da muhimmanci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta ma'ana: alamun da ke nan bayan wata uku da kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cutar da ta bayyana su. Alamar da ta fi yaudara ita ce mutum ya yi ɗan aiki yau lafiya lau, sai bayan awa 12 zuwa 48 ya kwanta rigis. A Amsterdam an sa masu wannan larura 25 tuƙa keken gwaji na kusan kwatan awa, aka yanki ɗan naman cinyarsu kafin da kuma kwana ɗaya bayan nan. Sakamakon 2024 ya nuna sassan da ke samar wa tsoka ƙarfi sun ƙara rauni, har da wuraren da naman ya lalace. Ba lalaci ba ne. Tun 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu gajiya mai naci motsa jiki mataki-mataki. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne mutum ya gano iyakar abin da jikinsa ke ɗauka ba tare da ya kwanta washegari ba, ya tsaya ƙasa da ita, ya yanka aiki gunduwa-gunduwa da hutu a tsakani.

Magani dai babu shi tukuna, kuma duk wanda ya ce yana da shi a kwalba, kuɗinka yake so. An gwada Paxlovid, wani maganin korona, na kwana 15 a kan masu wannan larura 155 a Stanford, bai fi maganin bogi ba. A Norway an sa rai ƙwarai a kan wani magani, rituximab, don gajiya mai naci, sai babban gwajin mutum 151 ya nuna a 2019 cewa kashi 26 cikin 100 ne suka ji sauƙi da shi, alhali kashi 35 suka ji sauƙi da ruwan gishiri.

A wajenmu mai irin wannan gajiya ya san hanyar da ake bi da shi: maleriya da taifod, allurai, ƙarin ruwa leda biyu, maganin ƙarin jini daga kyamis, bayan mako uku a sake daga farko. Gwajin Widal da ake dogara da shi yakan nuna taifod ga wanda ba shi da ita, musamman a inda cutar ta zama ruwan dare. Abin da ya dace shi ne a zauna sau ɗaya a tace: a auna yawan jini, da sukari, da aikin maƙoƙo, da ƙanjamau, da ciwon hanta, da tarin fuka in akwai tari ko rama, a kuma tambayi barci da damuwa. In duk sun fita lafiya, a kwantar da mutum minti goma a ƙirga bugun zuciyarsa, sannan ya miƙe tsaye na minti goma ana ƙirgawa. Idan bugun ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ya kuma tsaya a haka, hawan jini bai faɗi ba, ga jiri da bugun ƙirji, to jijiyoyin da ke daidaita gudun jini ne suka taɓu. Yawan shan ruwa, da ɗan ƙarin gishiri ga wanda ba shi da hawan jini ko ciwon ƙoda, da tashi a hankali suna rage wahalar. Sannan a rubuta a katinsa wane zazzaɓi ya yi, a wane wata, a ba shi ranar dawowa.